Takunkumi Mai Taga

Lima, 19 ga Afrilu, 2020

Yaya Fortunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Mama. Ya ƙafarta? Ya sanyin tudu? Ni dai ƙalau nake, ba tari, ba zazzaɓi, sai zaman ɗaki da ya ishe ni. Motar dankalin Don Braulio tana cikin waɗanda aka bari su shigo birni, don haka zan riƙa ba shi wasiƙa kamar yadda muka saba.

An rufe rumfata tun watan jiya. Wa zai kawo gyaran takalmi alhali ba mai zuwa ko'ina? Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Takunkumi ne. Yanzu doka ce, duk wanda ya fito titi sai ya rufe baki da hanci. Yaya, shekara arba'in da uku ke nan da zazzaɓin nan ya tafi da kunnuwana, amma ban taɓa sanin ni kurma ba ne sai a watan nan. Da leɓen mutane nake ji, kin sani. To, yanzu duk Lima ba baki, sai idanu.

Shekaranjiya na je sayen albasa wurin Doña Celmira. Ina ganin ƙyallen fuskarta yana motsi, na san magana take. Na ce, "Doña Celmira, ni ne fa, Nicanor kurma." Sai ta ƙara murya, na gane don jijiyar wuyanta ta tashi. Na ce, "Ko lasifika kika ɗauko, duk ɗaya ne." Daga ƙarshe ta yagi kwali ta rubuta min da manyan baƙaƙe: CEWA NA YI KA RAME. Mutum kusan ashirin suna layi a bayana, a kan wannan maganar.

A hanyar komawa gida sai na ji an fizgo ni ta baya. Soja ne, da bindiga a ƙirji. Ashe sau uku yana kirana ina tafiya abina. Ina kallon idonsa, ban san ko tsaya yake cewa ba, ko kwanta, ko ɓace min da gani. Na ɗaga hannu sama, albasa ta watse a titi. Allah ya kawo maƙwabciyata Otilia, ma'aikaciyar jinya ce, ni nake gyara mata takalman aiki. Ta yi masa bayani. Sannan ta ja baya taku uku, ta sauke takunkuminta, ta ce min a hankali, "Ba komai. Katin shaidarka yake so ya gani." Baki na farko ke nan da na gani cikin sati uku. Saura kaɗan in yi hawaye a titi, ƙato da ni, ɗan shekara hamsin da biyu.

Yanzu na rataya kwali a wuya: KURMA NE, RUBUTA MASA. Kar ki karanta wa Mama zancen sojan nan.

Ƙaninki,
Nicanor

Santa Rufina, 2 ga Mayu

Nicanor,

Mun samu wasiƙarka, mun gode wa Allah da kake lafiya. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Mama tana nan yadda ka sani, in an yi rana ta yi shiru, in hadari ya taso ta tashi. An fara haƙar dankali, bana ya yi kyau.

Garin nan an rufe shi. An ja sarƙa a bakin gada, Don Saturnino da 'yan sintirinsa suna zaune a wurin dare da rana. Ya ɗauko famfon feshin gonarsa ya cika da ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta, duk abin da ya shigo sai ya sha feshi: buhu, taya, kare, har wasiƙarka. Da ɗanshinta na karɓe ta, sai da na shanya a kan dutsen murhu. Na ce masa, "Don Saturnino, takarda ce fa, ba tari take ba." Ya ce, "Daga Lima ta fito. Ko Fadan coci ne ya zo daga Lima sai na fesa shi."

Na ɗinka wa Mama takunkumi da gefen tsohon zanenta. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Shekara tamanin da bakwai ina shaƙar iskar garin nan, yau ce za ta kashe ni?" Tana sawa dai in za mu fita, amma duk taku goma sai ta ɗaga ta cusa ganyen koka da take taunawa a baki.

Na karanta mata wasiƙar na tsallake sojan. Ina gamawa ta ce, "Kin tsallake wani wuri." Na ce ina? Ta ce, "Idonki ya yi gudu, bakinki bai bi shi ba." Na ce mata zancen albasa ne mai tsawo. Ba ta yarda ba.

Yanzu ka saurare ni, ko in ce ka buɗe ido da kyau. Mutanenmu da aiki ya ƙare musu a Lima suna dawowa a ƙafa, kwana da kwanaki a kan hanya. Goma sha ɗaya sun iso, an killace su a makarantar firamare, muna kai musu abinci mu ajiye a bakin shinge. Kar ka kuskura ka biyo su. Kai da ba ka jin mota a bayanka, ina kai ina babban titi? Ka zauna a ɗakinka. Ka sa takunkuminka ko da shi ne ya ɓata maka rai. Kuma in Celmira ta ce ka rame, to ka rame.

Ga cuku guda biyu, da soyayyar masara, da safa da Mama ta saƙa. Wace ce Otilia? Ba ka taɓa ambatonta ba.

Yayarka,
Fortunata

Santa Rufina, 27 ga Mayu

Nicanor,

Mama lafiya, ni ma. Kai ne ban sani ba.

Jiya Don Braulio ya kawo wasiƙarka. Kafin in iso gada Don Saturnino ya riga ya jiƙa ta sharkaf. Da biro mai ruwa ka rubuta, duk tawadar ta narke. Shafi biyu ne, amma ga abin da na iya karantawa, na kwafe maka shi yadda yake:

"...kwana tara ke nan ina asibiti..."

"...numfashi... ba a ganin komai..."

"...ya rasu ranar Talata, ba a bar kowa ya raka..."

"...hannuna ba ya iya riƙe..."

"...na bar wa Otilia..."

"...ki gaya wa Mama kar ta..."

Shi ke nan. Na ɗaga ta a rana, na duba ta baya, na kai wa malamar makaranta da tabaranta. Ba wanda ya ƙara ko harafi ɗaya.

Na tambayi Don Braulio yadda ya gan ka. Ya ce ai bai gan ka ba. Wata mata ce cikin kayan asibiti ta same shi a ƙofar kasuwa, fuska a rufe har da gilashin roba, ta miƙa masa ta juya da sauri. Na ce, "Ba ka tambaye ta ba?" Ya ce, "Doña Fortunata, mutum ya fito daga asibiti a wannan zamani, tsayawa zan yi hira?"

Nicanor, me ka bar wa Otilia? Keken ɗinkinka? Wasiyya ka yi? Wa ya rasu a kusa da kai? Kar Mama ta yi me? Ina tunanin ka a kwance, kowa fuska a rufe, suna magana a kanka ba ka san abin da suke cewa ba, sai in ji kamar in yi ihu.

Ban gaya wa Mama ba. Na ce mata wannan karon ba wasiƙa. In ba ka iya rubutu, ka sa matar nan ta rubuta, ko layi ɗaya ne.

Fortunata

Santa Rufina, 14 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaishe ka, duk inda takardar nan ta same ka. Ban ma san ko kai za ka buɗe ta ba.

Wasiƙar da na rubuta maka ranar 27 ba ta tafi ba. Don Braulio ya kwanta da zazzaɓi kwana biyu bayan dawowarsa, aka killace shi, motar tana tsaye a bakin gada kusan sati uku. Yana samun sauƙi yanzu. Surukinsa Wilmer zai ja motar jibi Talata, zai ajiye wasiƙun biyu a rumfar Celmira. Sau uku na hau dutse da malamar makaranta, inda ake samun sabis, ta tura saƙo zuwa lambarka. Shiru.

Mama ta sani. Ta tarar da ni a bayan gida da takardar a hannu, ta ce, "Karanta. Wannan karon kar ki tsallake." Na ce, "Mama, ba abin tsallakewa, duka ke nan." Na karanta mata layi shidan. Ina gamawa ta ce, "Bai mutu ba. Da ya mutu da na ji a jikina." Amma tun ranar ba ta cin abin kirki. Romo cokali uku, ta ture kwano. Ta kunna kyandir a gaban hotonka na ranar baftisma, in ya ƙare ta sa wani. Kullum tana zaune a ƙofa tana kallon hanyar gada.

Shekaranjiya ta ce min, "Lokacin zazzaɓin nan nasa, kwana huɗu na yi ina jiran babanku ya dawo da jaki kafin in kai shi asibiti. Da na goya shi na tafi a ƙafa, da yana ji." Ban taɓa jin wannan magana daga bakinta ba. Na ce, "Mama, wannan ya wuce." Ta ce, "A wurinki."

To, ni ba zan jira jaki ba. Wilmer ya ce ba zai ɗauke ni ba sai da takardar izini, kuma sai ranar Juma'a za ta fito. Zai dawo ranar Asabar, ya sake tafiya Talata ta sama. In ya dawo ba amsa, ina cikin motar nan. Don Saturnino ya ce in na fita ba zan shigo ba sai na yi sati biyu a makaranta. Malama ta ce da ciwon sukarina Lima kabari ce a gare ni. Duk na ji. Maƙwabciyarmu Agripina za ta kula da Mama. Zan bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Otilia, tun da ko sunan mahaifinta ba ka ba ni ba, shashasha.

Yayarka,
Fortunata

Lima, 18 ga Yuni

Yaya,

KAR KI ZO. LAFIYATA ƘALAU. BAN YI CIWO BA KO NA KWANA ƊAYA.

Na sa wannan a sama, da fensir, na kuma naɗe takardar a leda biyu. Yanzu sai gaisuwa. Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama, a yi wa Don Braulio sannu. Ku yafe min. Ɗazu Celmira ta miƙo min wasiƙunki biyu, na karanta su a tsaye. Ni ma sati uku ina zirga-zirga kasuwa ban ga motar ba, ina tsoron ko ku ne abin ya shiga wa.

Ga abin da ya faru. A farkon Mayu Otilia ta ɗago min hannu ta taga, ta tsaya daga nesa ta sauke takunkumi. Ta ce akwai wata tsohuwa kurma a ɗakinsu, an kawo ta numfashi yana sama-sama. Duk lokacin da aka sa mata robar iska sai ta fizge, ta yi ta dukan ma'aikata. Ba ta iya karatu ba, balle a rubuta mata. A cikin ɗakin kuma ba mai iya buɗe baki. Otilia ta ce, "Kai ka san abin da take ji. Me za mu yi?" Na ce, "Ba abin da take ji, shi ne matsalar." Ta harare ni.

Na shiga ɗaki na zauna gaban kekena. Akwai leda mai kauri, garai-garai, irin wadda masu keke mai ƙafa uku ke rufe gefe da ita lokacin yayyafi, wani ya bar min ita tun bara. Na yanka takunkumi, na huda tsakiyarsa, na ɗinka ledar a wurin kamar taga. Na farko ya yi kama da bakin kifi. Na bakwai ya zauna.

Otilia ta nuna wa likitan ɗakin, ya yarda a gwada, da gilashin roba a kai. Ta ce ta sa shi, ta sunkuya saitin idon tsohuwar ta ce, "'Yarki tana bakin ƙofa. Lafiyarta ƙalau. Ki bar wannan a hancinki." Tsohuwar ta ƙura wa bakinta ido, ta sa ta maimaita sau biyu, sannan ta saki hannun da ta damƙe ta kwanta. Ashe tun da aka kawo ta ta ɗauka 'yar ta mutu, shi ya sa ba ta zuwa. An sallame ta ranar biyar ga watan nan. Na gan ta a kan keken marasa lafiya, 'yar tana turawa. Ba ta san ni ba.

Yanzu ga bayanin layuka shidan da kika iya karantawa. Kwana tara ina asibiti, amma a rumfar masu gadi, a waje, ina auna fuskokin ma'aikata, don masu kula da tsofaffi da yara duk sun ce suna so. Numfashi yana sa ledar ta yi hazo har ba a ganin komai, sai na gano in an goga mata busasshen sabulu ba ta yi. Wanda ya rasu mai gidan da nake haya ne, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki, wannan kam gaskiya ne kuma ya taɓa ni. Hannuna ba ya iya riƙe biro sosai don almakashi ya fasa min yatsa. Abin da na bar wa Otilia wasiƙar ce, ta kai kasuwa don hanyarta ce. Wayata ma tana wurinta, ta cire layina ta sa wani, marasa lafiya suna ganin 'yan'uwansu da ita. Me kurma zai yi da waya?

Na ƙarshen kuwa cewa na yi, ki gaya wa Mama kar ta ƙara aiko da safa. Ƙafa biyu gare ni, safa goma sha huɗu.

Ki karanta wa Mama wannan, kar ki canza komai. Mama, ban taɓa ƙirga kwana huɗun nan ba. Abin da na tuna shi ne ke kina zaunar da ni a gabanki kullum, kina riƙe haɓata, kina cewa masara, ruwa, akuya, har na iya karanta su a bakinki. Da shi nake cin abinci har yau. Ke ma ki ci naki abincin.

Ga takunkumi uku masu taga. Otilia kuwa maƙwabciya ce, kar ki fara.

Ƙaninki,
Nicanor

Santa Rufina, 21 ga Yuni

Nicanor, ja'iri,

Muna lafiya. Yau zan iya rubuta wannan ba ƙarya a ciki.

Jiya tun hantsi nake zaune a bakin gada, takardar izini a aljihu, jakata a ɗaure a gida. Da Wilmer ya sauko da ƙunshi a hannu, Don Saturnino ya ɗaga famfonsa. Na ce, "Ka fesa wannan, ni kuma in juye maka sauran a kai." Ya ce, "Doka ce, Doña Fortunata." Na ce, "Fesa ledar, in ka taɓa takardar ni da kai ne." Ya fesa ledar a hankali kamar mai shayar da jariri.

Na karanta layin farko, na zauna a ƙasa. Na ci gaba. Da na iso wurin safa sai dariya ta ƙwace min, irin wadda ba ta tsayawa, hawaye yana zuba, ina dukan cinya. Mutane suka ɗauka labarin mutuwa ne ya taɓa min kai. Agripina ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Tsohon da ke kaɗa ƙararrawar coci ya juya ya nufi coci da gudu, mutumin da sanda ke riƙe da shi. Na kasa magana, sai nuna shi nake da yatsa. Wilmer ne ya bi shi ya kamo shi a bakin matakala, igiya a hannunsa. Saura ƙiris a yi maka ƙararrawar mamaci, Mama tana zaune a ƙofa tana ji.

Na isa gida ina haki. Tun daga nesa ta ga fuskata ta ce, "Na gaya miki." Na karanta mata daga farko har ƙarshe, ban canza komai ba. Da na zo wurin da ka yi mata magana ta sa na maimaita. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Na bar ta. Da ta fito ta ce a yanka biyu daga ɓerayen masar da muke kiwo don nama, mafi ƙiba, a soya da dankali. Ta cinye ɗaya ita kaɗai, har da kansa.

Yau da safe na sa takunkuminka na je gada. Don Saturnino ya kalle ni ya ce, "Wannan wace irin fitsara ce, haƙora a waje?" Bai daɗe ba ya matso ya tambaya ko za ka yi wa 'yarsu da ke killace a makaranta ɗaya, don kunnen matarsa ya yi nauyi, ba ta gane abin da 'yar take ce mata ta shinge. Na ba shi biyu. Ya ce daga yau wasiƙa ba feshi, za a ajiye ta a rana kwana ɗaya. Ka ga sai da ka kusa mutuwa aka gyara doka.

Mama ta ce in tambaye ka ko Otilia tana da miji. Ni ban fara ba, ita ce.

Yanzu tana tsaye a kaina, ta ce in rubuta abin da za ta faɗa daidai. Ga shi: "Ka riƙa wanke hannu. Ka sa abin fuskar nan ko ina za ka. Safa ba a ƙin ta, in ta yi maka yawa ka ba matar. Kuma ka sani ni ban yi kuka ba ko sau ɗaya."

Na rubuta yadda ta ce. Ta fita ba wa kaji hatsi. Nicanor, in hanya ta buɗe ka zo, ko kwana biyu ne. Tana so ta riƙe haɓarka, ba za ta faɗa ba.

Yayarka,
Fortunata